Shekarar da Aka Sa wa Gonar Gandu Igiya

Na san abin da ake faɗi a kaina cikin dangi, ku ma kun sani, don a kunnenku aka fara faɗinsa. Ana cewa ni na wargaza gidan mahaifinmu, ni na tsaya gaban alƙali na kunyata dangi, ni na raba ku da Inna Hajara wadda ta goye ku. Na daɗe ina jin wannan magana ban tanka ba. Ba haƙuri ne ya yi mini yawa ba, kun dai san ubanku, ban dai ga wanda zai zauna ya saurara har ƙarshe ba ne. Yanzu da ƙafa ta fara ƙin zuwa gona, zama ya yi yawa, bari in rubuta muku yadda abin ya faru. Wanda ya ga dama a cikinku ya karanta.

Mu uku mahaifinmu ya bari: yayana Lawali, ni, da ƙanwarmu Cima da ke aure a Ɗan Gulbi. Ya bar mana gidan nan na Dakoro da babbar gonar da ke hanyar Mai Yara. Da ya rasu ba a raba komai ba. Ba wanda ya hana, ba kuma wanda ya nema. A wurinmu, ƙane ya buɗe baki ya ce wa yayansa a raba gado, daidai yake da ya ce masa ya gaji da ganinsa. Sai muka ci gaba da gandu yadda muka tashi muka tarar, noma ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Lawali yana gadi a wani biro, wato ofishi, na gwamnati, ni ina gona da ɗan dillancin awaki ranar kasuwa. Albashinsa ya sayi gishiri da magani, hatsina ya cika rumbu, ba a taɓa zama an auna wa ya fi kawowa ba. Da mahaifiyarku ta rasu kuna ƙanana, Hajara matar Lawali ce ta kwashe ku ta haɗa da nata, har baƙo ba ya iya gane wanne ne na wa. Ni kuwa ba ta bar ni na zauna da baƙin ciki ba, da wasan ƙanen miji ta yi mini magani. Maigida na biyu take kirana. In ta ajiye mini tuwo sai ta ce in ci da sauri kafin na farko ya dawo ya gane nawa ya fi mai.

Lawali ya rasu bayan an gama shigar da hatsi, ciwon bai ba mu lokacin shiri ba. Ya riga ya bar aiki, yana karɓar pansiyo, kuɗin da gwamnati ke ba tsohon ma'aikaci. Aka ce mana Hajara da ƙananan yara suna da haƙƙi a ciki, amma sai da takardu. Bayan sadakar arba'in aka yi taron dangi, aka ce ni ne wakilin magada, ni zan yi ta kai da kawowa. Na karɓa ina ganin abu ne na kwana biyu. Ashe takarda ma haihuwa take yi. Sai an je meri, ofishin magajin gari, an karɓi takardar mutuwa, sannan a rubuta abin da taron dangi ya yanke a kai kotu da shaidu, sannan alƙali ya ba da takardar da ke faɗin su wane ne magada. Kowace takarda da tambur ɗinta, kan sarkin da ake saye a manna mata, kowane shaida da kuɗin kabu-kabunsa da na abincinsa, don ba ka raba mutum da sana'arsa ka sa shi ya yini gindin bishiyar kotu da yunwa. Ana cikin haka aka gano biyu daga yaran Lawali ba su da takardar haihuwa, a gida aka haife su ba wanda ya kai rahoto, su ma sai da aka yi musu zama na daban da wasu shaidun. Ragon da nake turkawa don layya a nan ya tafi. Ban gaya wa kowa ba, don Hajara tana cikin takaba, ba na son ta ji abin da zai ƙara mata nauyi.

Abin da ban sani ba, yayin da nake yawon biro-biro, ana wani yawon da sunana a gari. Wai Abdu kullum yana kotu, wa ya san abin da yake rubutawa, wa ya san ko gonar ma ya mayar da ita sunansa. Maganar ta kai kunnen Shaibu, babban ɗan Lawali, wanda ya yi aure bai daɗe ba kuma ya dawo daga cirani hannu wofi. Ban ga laifinsa ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba. Yaro ne da uba ya mutu ya bar masa ƙanne, mutane kuma suka cika masa kunne. Ya same ni a zaure, ya tsuguna yadda ya saba, amma bai ɗaga kai ba.

"Baba, tunda dai an shiga gidan shari'a, a gama gaba ɗaya. A raba, kowa shi san nashi."

"Shaibu, wani abu na yi maka?"

"Ba ka yi mani komi ba, Baba. Hankalin kowa dai shi kwanta."

Maganar da ni da ubansa muka kasa furtawa tsawon rayuwarmu, shi ya faɗe ta kafin shayin gabana ya huce. Na ce masa to. Da ya fita na ji zauren ya yi mini faɗi.

A zatona, da na Shaibu, da na kowa, rabon ba wuya: a tsaga gona biyu, rabi nawa, rabi na magadan Lawali. Da na kai maganar kotu, malamin da ke zama gefen alƙali yana ba shi shawara kan gado ya tambaye ni gonar ta wa ce. Na ce ta gida ce. Ya ce gida ba ya gado, sunan mutum yake so. Na ce ta mahaifinmu ce. Ya tambaya ko an raba gadonsa, na ce a'a, ya tambaya mu nawa ya bari, na ce uku. Sai ya ajiye alƙalami ya ce ai ba a san abin da Lawali ya mallaka ba tukuna, balle a raba shi. Sai an fara raba na uba, mace ta ɗauki kashi ɗaya, maza biyu-biyu, abin da ya faɗo wa Lawali shi ne na 'ya'yansa da matarsa. Na fito kaina ya ɗaure. Har Maradi na je wurin wani lauya, ya saurare ni da kyau, amma da ya faɗi kuɗin aikinsa sai na yi masa godiya na nemi takalmana. Wadda ta fitar da ni duhu wata baiwar Allah ce daga wata ƙungiya da ke wayar wa talakawa kai kan shari'a kyauta, takan zo Dakoro lokaci-lokaci. Ta ce magana irin tamu ba ta bukatar lauya in babu jayayya. Ta ce kuɗin da na kashe kan takardu daga dukiyar mamaci ya kamata su fita kafin rabo, kamar bashi da wasiyya, ba daga aljihuna ba. Ta kuma ce rabon Cima nata ne, shekaru ba sa cinye shi, sai fa in ita da bakinta ta ce ta yafe, ba tare da an matsa mata ba.

Da na kawo wannan labari gida, Kawu Ila, ƙanen mahaifiyarmu, wanda shi ne babbanmu da ya rage, dariya ya yi.

"Wanga shi ne ya hana ka cin tuwo? Yaushe ɗiya mace ta taɓa ɗaukar gona daga gidan ubanta ta kai gidan miji? A kirawo ta, ta ce ta yahe gaban mutane, a rubuta. Haka anka yi ma uwarku, haka anka yi ma kowa."

Gaskiya ya faɗa, haka ake yi. Mace takan bar rabonta hannun 'yan'uwanta maza, su kuma ƙofarsu ta zama tata har abada. Cima duk kaka sai ta zo ta yi mana kwanaki, ta shiga kowane ɗaki ba sallama, ta kushe miyar Hajara tana ƙari, su yi ta faɗan wasa har maƙwabta su leƙo. In za ta koma a ɗora mata hatsi a amalanke. Ba mu taɓa kiransa rabonta ba, hatsin Cima muke cewa. Don haka da na hau mota zuwa Ɗan Gulbi, ba shawara na je yi ba, ranar zama kotu kawai na je in sanar da ita.

Na tarar da ita bayan rumbu tana sussuka. Rumbun na leƙa ba da niyya ba, na ga ƙasansa tun rani bai yi nisa ba. Mijinta ya tsufa yana kwance, gonarsu 'yar ƙarama ce kuma ta gaji, ɗanta Habu da matarsa da 'ya'yansa ƙwadago yake yi a gonakin mutane. Duk na san wannan tun da, amma sani daga Dakoro daban ne. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama fura, muka yi kukan Lawali muka share hawaye. Sannan na gaya mata ranar da za ta zo ta ce ta yafe.

"To, Yaya," ta ce, ta ci gaba da tsince tsakuwa daga hatsi.

Da na tashi a nan, da yau ba ni da abin rubutawa. Amma bakina da ba ya zama wuri ɗaya sai ya ƙara tambaya.

"Kin dai yahe ɗin ko, Cima?"

Da ta yi magana, ba ni take kallo ba.

"Tun da Baba ya rasu, kai ɗai ne ka taɓa tambayata. In kun tara mutane, wallahi cewa za ni yi na yahe. Ina ni ina buɗa baki gaban Kawu? Amma tunda daga ni sai kai, ban yahe ba, Yaya. Kullum Habu ya tahi noman gonar wani, sai in tuna ubana ya bar gona."

Sai ta kama bakinta kamar wadda ta yi saɓo, ta ce in manta, zafin rana ne.

Ban manta ba. Kwanakin da suka rage kafin zaman kotu su ne mafi kaɗaici da na taɓa yi, har da na rasuwar mahaifiyarku, don a wancan lokacin akwai Lawali. Duk abin da ya taɓa damuna a duniya, gindin gawon da ke tsakiyar gona nake kai masa, ya saurara yana ɓare gyaɗa, ya ce mini wawa, sannan ya faɗi abin yi. Yanzu na je gindin gawon na zauna, ba mai ce mini wawa. Hajara ba zan iya gaya mata ba, don duk taƙin da Cima za ta ɗauka daga bakin marayunta zai fita. Kawu ya riga ya yanke. Ku kuma yara ne a lokacin. In na yi shiru ba wanda zai sani, Cima da kanta za ta rufa mini asiri da bakinta. Amma ni aka ce wakilin magada, kuma ni kaɗai na ji abin da ta faɗa bayan rumbu. Na rasa yadda zan yi in zama wanda bai ji ba.

Ranar zama ɗakin ya cika. Kawu Ila yana gaba da sandarsa, Shaibu da ƙannensa, shaidu, Hajara da ta fita takaba tana gefen Cima, kafaɗa da kafaɗa. Alƙali ya tambayi Cima ko ta san tana da rabo a gonar ubanta da gidansa, ta ce ta sani. Ya tambaya me ta ce. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Na yahe."

Kawu ya gyaɗa kai. Magatakarda ya sunkuya zai rubuta. Ni dai na ji ƙafafuna sun miƙe da ni.

"Ranka shi daɗe, ina roƙon a tambaye ta ita kaɗai."

Ba zan manta kallon da Cima ta yi mini ba. Ba na godiya ba ne. Alƙali ya dube ni, ya dube ta, ya ce kowa ya fita. Muka tsaya a rana a waje, ba wanda ya matso kusa da ni, kamar mai ƙyanda. Kawu ya ce, ba da ƙarfi ba amma don in ji, wai Lawali bai yi sa'ar ƙane ba. Ban san abin da aka faɗa a ciki ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Da aka kira mu, alƙali ya ce za a fitar wa Cima rabonta.

Kafin damina aka zo da igiya. Malamin kotu, wakilin mai gari, dattawan da suka san iyakoki, duk sai da aka ɗauko su aka ciyar da su, wannan karon daga hatsin rumbu aka fitar, kowa yana gani. Aka ja igiya a gonar da ban taɓa sanin tsawonta ba sai da hauya. Aka yi ta kashi biyar, rabon Cima na cikin gida aka musanya mata da ƙarin ƙasa, aka dasa gamba a kan iyakoki. Gawon ya faɗa ɓangaren su Shaibu. Abin da ya zo hannun magadan Lawali aka fitar wa Hajara nata, sauran aka yanka wa yara, har rabon wata bai fi a tsaya a gefe a tofa yawu ya faɗa na maƙwabci ba. Maganar ragona kuwa ban ɗaga ta ba, ko da yake an ce haƙƙina ne. Wanda ake zargi da cin gona ba ya tashi neman kuɗin rago.

Pansiyon ya fito daga baya, na kai wa Hajara takardun har ƙofar ɗaki. Ta karɓa da hannu biyu.

"An gode, Malam Abdu."

Tun ranar da aka kawo ta gidan nan amarya ba ta taɓa kirana da sunana ba sai ran nan. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba, har yau kuma in mun haɗu tana gaishe ni. Ba ita ta sa aka ja katangar da ta raba tsakar gida ba, Shaibu ne, kuma bisa rabon da aka yi yana da iko. Amma murhu ya faɗa can, ni na faɗo nan. Ku kun ci gaba da zagayawa ta waje kuna cin tuwonta, ban hana ku ba, ita ma ba ta kore ku ba, sai dai na ga yadda kuke dawowa kuna kallona. Da ruwan shuka ya sauka na fita da sungumi tun da sassafe, na sari layi har ƙarshen rabona, na waiwaya don in ga masu bina da iri, kamar yadda na saba gani tun ina saurayi. Kuna lakwal wajen karatu, sauran kuma suna ƙetaren gamba suna bin Shaibu. Na ajiye sungumi, na ɗauki ƙwarya, na koma farkon layi na bi kaina.

Kada ku ɗauka nadama nake rubuta muku. Ko yau aka mayar da ni ɗakin nan zan sake miƙewa. Haƙƙinta ne, Allah ya ba ta, ba ni ba, kuma na ji da kunnena ba ta yafe ba. Abin da nake so ku sani shi ne ban ci komai ba, nawa ma raguwa ya yi, kuma wadda na yi dominta ba ta zama tawa ba.

Kaka ta zo, Habu ya girbe rabon uwarsa, hatsi ya yi kyau. Na share ɗakin mahaifiyarku na sa sabuwar tabarma, don na san Cima ba za ta iya sauka wajen Hajara ba bana. Na jira har aka gama shigar da hatsi, ba ta zo ba. Wata kakar ma haka. Sai na shirya na tafi Ɗan Gulbi. Rumbunta a cike, jikokinta sun yi ƙiba, ta karɓe ni da fara'a ta dama mini fura mai nono da yawa. Na ce mata ɗaki na nan yana jiranta, me ya hana ta zuwa.

"In zo in ce da su mi, Yaya? Da ina zuwa gidan ubana ne. Yanzu in na zo, wadda ta ƙwace gonar marayu ce ta zo."

"Ba ƙwace kika yi ba, naki ne."

"Na sani. Shi ya sa na hwaɗa maka kai ɗai, bayan rumbu. So nike wani shi sani, shi ke nan. Ka ba ni gona, Yaya, Allah shi saka maka. Amma ka raba ni da gida."

Ta ƙara mini fura, muka koma zancen ruwa da tsadar awaki, da la'asar ta raka ni bakin hanya ta tsaya har motar ta tashi. Bayan wannan ta yi shekaru a duniya, ina zuwa wurinta duk lokacin da na samu hali, ita kuwa ko asibiti aka kawo ta Dakoro, daga can tasha take wucewa. Har Allah ya karɓi abarsa ba ta sake taka gidan ubanta ba.